Awon Hali Kafin Ɗaukar Aiki: Firasa, Jarrabawa da Adalci a Alƙahira

Gwajin hali hanya ce da masu ɗaukar ma'aikata ke bi don su san ɗabi'ar mai neman aiki tun kafin ya taɓa aikin. Ana miƙa masa jerin jimloli, a takarda ko a kwamfuta, ya nuna yadda kowace ta dace da shi: ko yana son cuɗanya da jama'a, ko ransa na saurin ɓaci, ko yakan gama abin da ya fara, ko yana iya bin umarnin da bai gamsu da shi ba. Daga amsoshin ake haɗa maki, daga makin kuma a yanke cewa wane ya dace, wane bai dace ba. A Alƙahira, inda masu digiri suka fi guraben aiki yawa nesa ba kusa ba, irin wannan gwaji ya shiga bankuna da kamfanonin sadarwa da cibiyoyin amsa kiran waya, ya kuma shiga jarrabawar aikin gwamnati. Tambayar da ya tayar ta girmi kwamfuta da ƙarnuka masu yawa: shin ana iya sanin halin mutum kafin a ga aikinsa? In ana iyawa, ya halatta a toshe masa hanyar abinci saboda abin da ake hasashen zai yi?

Musulunci bai bar zaɓen ma'aikaci ga son rai ba. A Suratul Ƙasas, ɗaya daga 'ya'yan dattijon Madyana ta ba mahaifinta shawarar ya ɗauki Annabi Musa aiki, ta kafa dalili da siffofi biyu, ƙarfi da amana. A Suratu Yusuf, wadda yawancin labarinta ya faru a ƙasar Masar, Annabi Yusuf ya nemi a ɗora shi a kan taskokin ƙasa, ya ambaci iya tsaron dukiya da sanin aiki. Ibn Taimiyya, wanda ya zauna a Masar daga 1306 zuwa 1313, wani ɓangare na zaman a kurkuku, ya gina bayaninsa na naɗin masu muƙami a littafin As-Siyasatush Shar'iyya a kan ƙarfi da amana, ya kuma nuna cewa ƙarfin da ake nema yana sauyawa gwargwadon aikin. Na kwamandan yaƙi daban, na alƙali daban, na ma'aji daban. Shi ya sa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana Abu Zarri shugabanci bayan ya shaida masa cewa yana da rauni, alhali gaskiyar Abu Zarri ba a jayayya a kanta. Ya kuma ɗora Amru bin Asi, wanda daga baya ya kafa birnin Fusɗaɗ na Masar a 641, a kan rundunar da Abubakar da Umar ke cikinta. Ke nan duba dacewar hali da aiki wajibi ne a kan mai ɗauka, kuma ƙin ba mutum aiki ba hukunci ba ne a kan darajarsa a wurin Allah.

Abin da ya rage shi ne hanyar sani. Masu tafsiri sun ruwaito cewa dattijon ya tambayi 'yarsa yadda ta san ƙarfin baƙon da amanarsa, ta amsa da abin da ta gani: dutsen da ya ɗage daga bakin rijiya, da yadda ya wuce gaba a hanya don kada idonsa ya faɗa kanta. Hujjarta aiki ne da aka yi a gaban idonta. Haka ma labarin da aka sani na Sayyidina Umar, lokacin da wani ya zo yabon wani mai shaida. Umar ya tambaye shi ko sun yi maƙwabtaka, ko sun yi tafiya tare, ko kuɗi ya taɓa shiga tsakaninsu, da ya ce a'a sai ya sallame shi da cewa bai san mutumin ba.

Amma mai ɗaukar aiki ba kullum yake da damar maƙwabtaka ko tafiya ba, don haka tun da daɗewa aka nemi gajeriyar hanya, wato firasa. An ruwaito daga Ibn Mas'ud cewa mutum uku sun fi kowa firasa: Azizun Masar a kan Yusuf, 'yar dattijon Madyana a kan Musa, da Abubakar a kan Umar. Ibn Ƙayyim ya kasa firasa kashi uku a Madarijus Salikin: ta imani, wadda haske ne da Allah ke jefawa a zuciyar bawa, ta horon rai da yunwa da rashin barci, wadda mumini da kafiri duk kan samu, sai ta ƙirar jiki, inda ake karanta hali daga goshi da ido da hanci da murya. Wannan ta ukun ita ce ta zama fannin ilimi mai littattafai. Tushenta na Girkawa ne, musamman littafin Polemon da aka fassara zuwa Larabci, kuma Fakhruddin Ar-Razi, wanda ya rasu a 1210, ya tsara ta a Kitabul Firasa. Littattafan tarihin Imam Shafi'i, wanda kabarinsa ke Alƙahira, sun kawo cewa ya je Yaman yana tattara rubuce-rubucen wannan fanni. Hausawa ma suna da nasu kason, tunda sukan ce labarin zuciya a tambayi fuska.

Wurin da firasar jiki ta fi yin aiki a Alƙahira ba abin alfahari ba ne, domin kasuwar bayi ce. Ibn Buɗlan, likita Kirista daga Bagadaza wanda ya iso Masar a 1049, ya rubuta risala a kan sayen bayi, inda ya jera ƙabilu yana manna wa kowace halinta, wannan ta dace da gadi, waccan da raino, wata da kiɗa. A zamanin Mamluk, daga 1250 zuwa 1517, daular kanta ta dogara ne a kan yaran da ake sayowa a horar da su a barikokin ganuwar birnin, wasunsu su zama sarakuna, don haka zaɓen yaron da za a saya ya zama babbar sana'a. Ibn Akfani, likitan asibitin Mansuri da annoba ta kashe a 1348, ya yi nasa littafin a kan binciken bawa kafin saye. Ba kowa ya yarda da fannin ba ko a lokacin. Ibn Ridwan, babban likitan Alƙahira da Ibn Buɗlan ya riƙa yi wa ba'a saboda muninsa, ya zauna ya rubuta maƙala yana kafa hujja cewa ba sharaɗi ba ne gwanin likita ya kasance kyakkyawa.

Malaman fiƙihu sun yi wa firasa iyaka. Alƙali Ibnul Arabi, Bamalike, ya bayyana a Ahkamul Ƙur'an cewa ko da firasa hanya ce ta fahimta, ba a gina hukunci a kanta, ba a kuma kama mutum da ita. Ƙurɗubi, wanda ya rasu a Minya ta Masar a 1273, ya ɗauko wannan bayani a tafsirinsa. Ibn Ƙayyim ya fi sassauci a Aɗ-Ɗuruƙul Hukmiyya, inda ya ba alƙali damar amfani da alamomi, amma alamomin da yake nufi abubuwa ne da ke cikin shari'ar da ke gabansa, irin su rikicewar magana da halin da aka samu mutum a ciki. Rabuwar da wannan muhawara ta fitar tsakanin alama da hujja ita ce ma'aunin da ya fi dacewa a ɗora gwajin zamani a kai.

Gwajin hali na takarda ɗan Amurka ne. Robert Woodworth ya tsara na farko a lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya don a gano sojojin da ƙarar igwa za ta iya rikita musu hankali. A 1943 aka fitar da gwajin MMPI a Jami'ar Minnesota don gano ciwon ƙwaƙwalwa. Katharine Briggs da 'yarta Isabel Myers, waɗanda ba su yi karatun fannin a jami'a ba, sun ɗauki ra'ayin Carl Jung na 1921 suka kasa mutane gida 16, abin da ake kira MBTI. Tsarin DISC kuwa ya samo asali ne daga littafin William Marston na 1928. Daga baya masu bincike suka fi karkata ga tsarin siffofi biyar: son sabon abu, kula da aiki, sakin jiki da jama'a, sauƙin kai, da saurin damuwa.

Mutumin da ya haɗa tsohon fanni da sabo a Alƙahira shi ne Yusuf Murad. Cikin aikinsa na digirin dakta a Sorbonne akwai nazarin littafin firasa na Ar-Razi, wanda aka buga a Faris a 1939. Ya dawo ya koyar a Jami'ar Fu'ad ta Ɗaya, wadda yanzu ita ce Jami'ar Alƙahira, kuma a 1945 shi da Mustafa Ziwar suka kafa mujallar ilimin halayyar ɗan Adam. Kafin Murad, Jurji Zaidan ya buga littafin firasa ta zamani a birnin a 1901, yana cakuɗa ta Larabawa da ta Turawa. Cikin shekarun 1950 masana Misirawa, ciki har da Luwis Malika da Aɗiyya Hana, suka mayar da MMPI Larabci. Mustafa Suwaif, wanda ya kafa sashen ilimin halayya a Jami'ar Alƙahira a 1974, ya yi dogon bincike a kan yadda wasu mutane ke zaɓar amsa mai tsanani a kowace tambaya, wasu kuma su maƙale a tsakiya, abin da ke nuna cewa salon amsawa kansa yana shiga cikin maki.

A ɓangaren gwamnati, tarihin ya bi ta wata hanya. A farkon shekarun 1960 gwamnatin Jamal Abdunnasir ta ɗauki alƙawarin ba duk mai digiri aiki, don haka tantancewa ta rage daraja, layin jira ya tsawaita, sanayya ta cike giɓin. Tsarin mulkin 2014 ya tanadi cewa aikin gwamnati haƙƙin 'yan ƙasa ne bisa cancanta, ba da alfarma ko ɗan tsakiya ba. Dokar aikin gwamnati mai lamba 81 ta 2016 ta ɗora jarrabawar ɗauka a kan Hukumar Tsari da Gudanarwa ta Tsakiya, wadda aka kafa a 1964, kuma a 2019 hukumar ta buɗe cibiyar jarrabawa ta kwamfuta. Cikin abin da ake gwadawa, ban da Larabci da Ingilishi da kwamfuta da fannin mutum, akwai ɓangaren ɗabi'ar aiki. Ta nan aka bi da gasar ɗaukar malaman makaranta 30,000 a shekara da aka fara a 2022.

To me gwajin ke iya gani? Binciken Murray Barrick da Michael Mount na 1991, wanda ya tattara sakamakon nazarce-nazarce masu yawa, ya nuna cewa siffar kula da aiki ita ce mai alaƙa da nagartar ma'aikaci a kusan kowace sana'a, amma alaƙar wajen 0.22 ce a ma'aunin da 1 ke nufin cikakkiyar alaƙa. Wato abin da take bayyanawa na bambancin da ke tsakanin ma'aikata bai wuce kusan kashi 5 cikin 100 ba. Ga kamfanin da zai ɗauki mutum dubu, wannan ɗan kaso riba ce. Ga mutum ɗaya da aka mayar gida, kusan bai ce komai ba. Bitar da Paul Sackett da abokansa suka yi a 2022 ta sa ganawa mai tsararrun tambayoyi, waɗanda ake yi wa kowa iri ɗaya, a saman jerin hanyoyin tantancewa, gwajin hali kuma can ƙasa da ita. MBTI ya fi rauni: an samu cewa kusan rabin masu sake shi bayan makonni biyar kan faɗa wani gida daban, kuma kamfanin da ke sayar da shi da kansa yana hana amfani da shi wajen ɗaukar aiki. Da harshen malaman fiƙihu, mafi ingancin gwajin hali alama ce mai rauni, wadda za ta iya sa a ƙara bincike, ba ta kai a yanke hukunci da ita kaɗai ba.

Ƙarƙashin batun lissafi akwai na falsafa, wato ko hali abu ne kafaffe. Karin maganar da ke cewa hali zanen dutse tana da mai goya mata baya a hadisin Ashajju na Abdul Ƙais, wanda Manzon Allah ya yaba masa haƙuri da natsuwa, da ya tambaya kuma aka shaida masa cewa a kansu aka halicce shi. Imam Gazali a Ihya'u Ulumid Din ya yi raddi ga masu cewa ɗabi'a ba ta sauyawa. Hujjarsa ita ce da haka ne da wa'azi da tarbiyya sun zama aikin banza, kuma tunda ana horar da shaho da doki da kare, ɗan Adam ya fi cancanta. Bai ce ana tumɓuke fushi ko sha'awa ba, ya ce ana daidaita su ne. Ilimin zamani ya tsaya kusa da nan. Masu bincike Hartshorne da May sun gwada dubban 'yan makaranta a shekarun 1920 suka ga cewa yaron da ya yi satar amsa a aji ba lallai ya yi maguɗi a filin wasa ba. Walter Mischel ya nuna a 1968 cewa alaƙar makin hali da abin da mutum ke aikatawa a wani yanayi da wuya ta haura 0.30. Binciken da ya bi mutane shekara da shekaru kuma ya nuna cewa kula da aiki da natsuwa sukan ƙaru yayin da mutum ke girma, musamman bayan ya kama aiki. Nan ne zaluncin yake iya ɓuya: saurayin da aka hana aiki don makinsa ya yi ƙasa an hana shi abin da zai ɗaga makin.

Akwai kuma matsalar yabon kai. Gwajin yana neman mutum ya ba da shaida a kan kansa, alhali Suratun Najm ta yi hani ga tsarkake kai. Masu tafsiri sun halatta ambaton ƙwarewa idan buƙata ta kama, suna kafa hujja da Annabi Yusuf, don haka mai neman aiki bai yi laifi ba in ya faɗi gaskiyar abin da ya iya. Sai dai wanda aka rena da kunya da kawaici, ko ɗan ƙauyen yankin Sa'id na Masar ne ko Bahaushen da ya gama Azhar, zai yi jinkirin cewa ya fi kowa iya jagoranci, wanda kuma ya gane abin da ake so a ji zai faɗa ba tare da ƙifta ido ba. An tabbatar a bincike cewa masu amsawa suna iya ɗaga makinsu idan sun yi niyya. Gwajin da ke neman amana zai iya ƙarewa da saka wa mai iya ƙarya. Harshe ma yana da nasa tasiri, domin jimlar da aka rubuta da Ingilishi, aka mayar da ita Larabcin littafi, aka miƙa wa mai magana da Larabcin titi, ba lallai ta auna abu ɗaya ba.

Iyakar tambaya ita ma tana da hukunci. Suratul Hujurat ta hana bin diddigin asirin mutane da mummunan zato. Mai ɗaukar direba yana da haƙƙin sanin ko yana da saurin fushi a hanya, ba shi da haƙƙin sanin abin da ke tsakaninsa da matarsa. A Kalifoniya, shagunan Target sun fuskanci shari'a saboda gwajin da suke yi wa masu neman aikin gadi ya ƙunshi tambayoyi a kan imani da sha'awar jima'i, aka sasanta a 1993 da kuɗi sama da dala miliyan ɗaya.

Duk da wannan, mai sukar gwaji a Alƙahira dole ya dubi abin da zai maye gurbinsa, domin idon babba bai fi kwamfuta adalci ba. Makarantun soja da na 'yan sanda suna da matakin ƙarshe da ake kira kashful hai'a, inda kwamiti ke duban mutum ya yanke shawara. A 2003 wani matashi ɗan manomi da ya ci jarrabawar wakilcin kasuwanci a ƙasashen waje ya tarar an rubuta cewa bai dace ba ta fuskar matsayin iyali, daga baya aka tsamo gawarsa a Kogin Nilu. A Mayun 2015 ministan shari'a Mahfuz Sabir ya sauka daga kujera bayan ya ce ɗan mai kwasar shara ba zai zama alƙali ba. A 2023 wasu malamai da suka ci jarrabawar kwamfuta aka cire su a matakin gwajin jiki da duban siffa a makarantar soja, suka yi zanga-zanga suna cewa ƙiba da juna biyu ne suka kayar da su. Gwaji mai rauni da ake yi wa kowa iri ɗaya, aka kuma san yadda ake lissafa shi, ya fi kusa da adalci a kan kallo ɗaya da ba wanda zai iya tuhumarsa.

Amfani da gwajin bayan an ɗauki ma'aikata, don daidaita zaman ƙungiya, ya fi sauƙin karewa, tunda ba abincin kowa ake taɓawa ba. Tunanin ma ba sabo ba ne. Ibn Taimiyya ya lura cewa shugaba mai taushi ya kamata mataimakinsa ya zama mai tsanani, mai tsanani kuma ya nemi mai taushi, ya kawo misalin Abubakar da Khalid bin Walid, da Umar da Abu Ubaida. Taron bita inda ma'aikata ke tattauna bambancin ɗabi'unsu yana iya rage zargi, har mai shiru ya daina zama abin tuhuma da girman kai. Sai dai jin cewa sakamako ya yi daidai ba shaida ba ne. A 1948 Bertram Forer ya raba wa ɗalibansa bayanin hali iri ɗaya, kowa yana zaton nasa ne shi kaɗai, suka ba shi matsakaicin maki sama da 4 cikin 5 na dacewa. Haɗarin da ya fi yawa a ofis shi ne sakamakon ya koma laƙabi, a daina ba wane jagoranci don an ce shi mai shiru ne, wane kuma ya riƙa fakewa da cewa haka aka halicce shi duk lokacin da ya ci zarafin na ƙasa da shi.

Sabon salo ya sake komawa ga fuska. Kamfanoni sun fito da manhajojin da ke nazarin bidiyon mai neman aiki, motsin ido da sautin murya, su ba da maki. Kamfanin HireVue na Amurka ya sanar da daina nazarin fuska a farkon 2021 bayan suka mai yawa, kuma dokar Tarayyar Turai ta 2024 a kan ƙirƙirarriyar basira ta hana amfani da na'urar gane motsin rai a wurin aiki, in ban da dalilin lafiya ko kariya daga haɗari. A Masar, dokar kare bayanan mutum mai lamba 151 ta 2020 ta sa bayanan lafiyar ƙwaƙwalwa da aƙidar addini cikin masu buƙatar kariya ta musamman da amincewar mai su a rubuce, ko da yake amincewar wanda ya shekara yana neman aiki ba ta da nisa da tilas. Wanda gwamnati ta ƙi ɗauka yana iya kai ƙara kotunan gudanarwa na Majalisar Daula, wadda aka kafa a 1946, ya nemi a soke shawarar. Mai neman aikin kamfani kuwa galibi ba ya ganin makinsa, ba a faɗa masa jimlar da ta kayar da shi, kuma ba shi da wurin da zai kawo shaidar maƙwabci ko ta tsohon maigida don ta ƙaryata abin da na'ura ta rubuta a kansa.